Shagon da munka yi wa lig ɗin makarantunmu sayayya a Birnin Kebbi: ƙwallo ta yi, jesi kam sai haƙuri

Tun da munka gama lig ɗinmu wayata ba ta huta ba, wannan ya ce Malam ina kunka sayi ƙwallayen nan, wancan ya ce wa ya buga muku jesi, na gaji da amsa mutum ɗaya ɗaya a WhatsApp shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta, su huta nima in huta. Sunan shagon dai ba zan kama ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi sosai, mutumin kuwa dattijo ne ba na son a ce ni na ɓata masa kasuwa. A Birnin Kebbi yake, irin shagunan nan na kayan wasanni da ake rataye jesi tun daga bakin ƙofa.

Ni fa lissafi nake koyarwa, ban karanci PHE wato ilimin motsa jiki ba, gems masta liƙa mini anka yi don ni ne mafi ƙuruciya a staf rum kuma an taɓa ganina ina kallon bal a gidan kallo, shi ke nan magana ta ƙare. Makarantarmu ta je-ka-ka-dawo ce a wani ƙauye ta gefen Argungu. Idan ka tara samarin SS1 zuwa SS3 waɗanda ke zuwa kullum da ƙyar su cika aji ɗaya, lokacin noman rani kuwa rabinsu suna fadama suna ba shinkafa ruwa, in ka tambayi yaro ina ka shiga jiya sai ya ce injin ban ruwa ne ya lalace, kuma ba ƙarya yake ba. Da irin waɗannan yaran ake so mu fita gasa da makarantun kwana na cikin gari masu ɗalibai ɗaruruwa da koci na musamman. Sau biyu munka gwada, na farko an zuba mana 7, na biyu ban ma son tunawa. Su gasar Shell Cup da ta kwandon Milo sai dai mu ji labari a rediyo, filin wasa na Haliru Abdu kuwa yawancin yarana ba su taɓa ganin ko katangarsa ba.

Wata rana ina ta latse-latse a waya na ci karo da yadda Amurkawa ke yi da ƙananan makarantun karkararsu, abin ya tsaya mini a rai. A jihar Teksas makarantun sakandare kashi kashi ne daga 1A zuwa 6A gwargwadon yawan ɗalibai, duk bayan shekara 2 a sake ƙidaya a sake rabo, ƙarama da ƙarama take karawa, babba da babba. Sannan wannan ƙwallon tasu mai kama da ƙwai da ake runguma a ruga, wadda asalinta mutum 11 ne kowane gefe, a 1934 wani malamin makaranta Stephen Epler a wani ɗan ƙauye Chester a jihar Nebaraska ya ga makarantun ƙauye ba su iya haɗa mutum 11, sai ya ƙirƙiro ta mutum 6 a ƙaramin fili, har yau ana buga ta. Shekarar da anka fara bikin kamun kifi na Argungu kenan fa, 1934. Na ce ashe ciwon namu tsoho ne kuma ba mu kaɗai ba ne. Na kai wa firinsifal ɗinmu maganar, ya kira takwarorinsa, makarantu 6 munka haɗu dukkanmu ƙanana, munka yanke mutum 9 kowane gefe, a rage fili, minti 30 kowane rabi, a haɗa ƴan JSS3 da ƴan SS, kowa ya kara da kowa sau ɗaya. Wasa 15 kenan jimla, kowace makaranta wasa 5. Gida da waje da wasa 30 za a yi, kuɗin mota ya ce mana a'a.

Na kawo wannan duka ne don ku gane da wane ido na auna shagon. Kayan da ke ciki don kulob ɗin samarin birni anka kawo su, mu kuwa ƴan makarantar ƙauye ne masu siraran ƙafafu da filin tsidau.

Kuɗin da na tafi da su karo-karo ne, kowane ɗalibi naira 300, PTA ta ƙara, hakimi Allah ya ja zamaninsa ya ba da nasa, wani ɗan siyasa kuma ya yi alkawarin zai ɗauki nauyin komai, har yau wayarsa tana kashe. Na shiga mota daga tashar Argungu da sassafe, kafin hantsi ina ƙofar shago. Wuri ne matsattse, warin sabuwar roba ya cika shi, jesin Barcelona da Real Madrid da Chelsea da Al Nassr sun rufe silin, kofuna a can sama sun sha ƙura, ta Kano Pillars ko ɗaya ban gani ba na ma tambaya yaron shagon ya dube ni kamar na nemi nonon kaza. Mai shagon, Alhaji, yana zaune bayan kanta da carbi. Idona ya faɗa kan wata ƙwallo mai sheƙi mai taurari irin ta Champions League, na ɗauko na ce Alhaji wannan nawa, guda 6 nake so.

Bai faɗi kuɗi ba. Ya ce Malam hilinku ciyawa ne ko ƙasa? Na ce ƙasa ce, rabi yashi rabi fako, ga tsidau, ga itacen aduwa guda biyu a bayan raga. Ya yi dariya ya ce to aje wagga, wagga ta ƴan hoto ce, sati biyu ba ta yi maka.

A nan ya saye ni, gaskiya. Wadda na ɗauko ta fi tsada, da ya yi shiru ya karɓi kuɗina ba wanda zai ce ya yi laifi. Sai ya sa yaro ya sauko da iri uku ya jera a kan kanta ya ce in sa babban yatsa in danna wajen haɗin. Ta farko ba zare ko kaɗan, manne ta anka yi da zafi, irin ta manyan gasa kenan idan ta gaske ce, amma jabunta gam ne kawai, rana ta gasa shi sai fatar ta fara ɗagowa. Ta biyu ɗinkin inji, zaren siriri kana ganinsa a sama sama, fatar kuma PVC ce mai ƙyalli wadda ke sandarewa da hunturu, yaro ya sa mata kai sai ya dafe goshi. Ta uku ba ta da kyan gani, fara da baƙi irin ta da mai gida 32, amma da na buɗa haɗin sai na ga ɗinkin ya nutse ciki, zaren mai kauri ne mai kakin zuma, ko ƙasa ta goge fatar ba ta kai ga zaren da wuri. Ya ce wannan ɗinkin hannu ce daga Pakistan. Daga baya na duba na ga garin Siyalkot ne cibiyar wannan sana'a a duniya, har ƙwallayen kofin duniya na 2014 da na 2022 an yi su a can. Ya kuma yi mini bayanin buladar ciki, akwai ta lateks mai laushi da daɗin bugu amma kullum sai an ƙara iska, akwai ta butil mai riƙe iska kwana da kwanaki, ya ce ku da ba ku da famfo sai na mai faci butil za ku ɗauka. Na nuna masa tambarin FIFA a jikin mai taurarin na ce to wannan fa, ya ce Malam wanda ya buga tambarin ga ko hanyar Zurik inda hedikwatar FIFA take bai sani ba.

Da yake halin malamin lissafi ba ya ɓuya, da na dawo gida na ari tef ɗin tela na auna. Doka ta ce ƙwallo lamba 5 kewayenta santimita 68 zuwa 70 ne, nauyi giram 410 zuwa 450. Duka shidan sun faɗa cikin kewayen, nauyin kuma na kai su sikelin wani mai shago, biyar sun shiga, ɗaya ta ɗan haura kaɗan, ban damu ba. Na kuma sayi masu arha guda 2 na ɗinkin inji don atisaye duk da Alhaji ya ce asarar kuɗi ce.

Sakamako bayan wasa 15 da atisayen kusan kullum na wata biyu da rabi. Masu arhan nan biyu ko sati uku ba su rufa ba, ɗaya ta fara saɓa kamar maciji, ɗayar ta kumbura gefe guda ta koma kamar kabewa, in an buga ta gabas sai ta nufi kudu. Cikin shidan na ɗinkin hannu 4 suna nan da ransu har yau, fatar ta koɗe ta zama ruwan ƙasa amma ɗinki ko ɗaya bai ɓalle ba. Ɗaya ƙayar aduwa ta gama da ita, wannan ba laifin kowa ba ne sai na ɗan wasan gabanmu da ke harbin tsuntsaye. Ta ƙarshen tun satin farko take sace iska ta wajen hancin, na zuba ruwan sabulu na ga tana kumfa, na mayar masa, ya karɓa ya danna ya saurara a kunne ya miƙo mini wata sabuwa ba musu ba dogon turanci. Ya dai ja mini kunne cewa a riƙa jiƙa allurar famfo kafin a soka, kuma kar a kai wa mai faci ya ɗura mata iskar injin taya, kar kuma a bar ta a rana tsaka, don zafinmu na watan Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 shi kaɗai ya isa ya buɗa ɗinki. A kan ƙwallo dai 9 cikin 10 na ba shi, ɗayan na riƙe ne don bai ba da ko allura ɗaya kyauta ba.

To yanzu jesi, a nan ne hawan jinina ya tashi.

Na farko ba ya fasa set. Set ɗinsa riga 18 ne da wando, mu kuwa mutum 9 muke bugawa da ƴan benci 3 ko 4, na ce Alhaji a ba mu sha biyu sha biyu mana, ya ce in ya fasa sauran wa zai saya. Na gane uzurinsa amma dai kuɗin riga 6 a kowace makaranta ya tafi a banza, in ka haɗa riga 36 kenan, set biyu cif. Na biyu girman, duka L ne da XL na ƙartin birni. Akwai wani yarona ɗan JSS3 ɗan tsakiya, ƙafarsa kamar an ɗaura mata maganaɗisu amma jikin ba auki, da ya sa rigar sai da ta sauko masa gwiwa kamar jallabiya, ƴan kallo sunka sa masa suna Liman. Wandon kuma akasin haka, gajere ne ƙwarai, ranar farko wani dattijo cikin iyayen yara ya kira ni gefe ya ce Malam yanzu haka ɗiyanmu za su yi ta gudu cinya waje gaban jama'a? Gaskiyarsa kuwa, dole munka ce kowa ya sa dogon wando matsattse daga ciki ko wandon makaranta da anka yanke ƙasan gwiwa. Mai sayar da kayan wasa a Kebbi ya ci a ce ya san wannan tun kafin a faɗa masa. Kayan ƴan mata kuwa babu ko ɗaya, malamar da ke kula da ƙwallon ragarsu ta ba ni saƙo in duba mata doguwar riga da wando da ɗan hijabin wasa, yaron shagon ya ce ba a yi, alhali tun 2014 masu dokar ƙwallon ƙafa na duniya sunka halatta rufe kai a fili. Yi ana yi, su ne ba su kawowa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan bugun lamba da suna. Na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, na rubuta sunan kowace makaranta da manyan baƙi a takarda, na rubuta kalar kowa, ya ce sati ɗaya in dawo. Na dawo ranar da ya ce, wai ba wuta. Sati na biyu na kira ya ce an gama in taho, na baro aji na biya mota na zo, ashe set 2 anka gama cikin 6, wai yaron da ke bugawa ya tafi ɗaurin aure. Ashe ma ba su ke bugawa ba, wani suke kai wa a wata unguwa, abin da bai gaya mini ba tun farko. Sai a zuwa na uku na karɓo, saura kwana biyu a fara lig. Duk wanda ke shiga mota tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya san abin da zuwa Birnin Kebbi sau uku ke nufi ga albashin malamin makaranta, kuma daga aljihuna ne don ba ni da fuskar da zan koma wa PTA in ce a ƙaro.

Kuskurena ni kuma shi ne ban kwance ledojin a shagon ba, yamma ta yi ina saurin in sami mota kafin magariba, kun san yadda hanya take yanzu ba mai son dare ya same shi. Da na isa gida na zazzage a tabarma, inna lillahi. A set ɗinmu lamba 7 guda biyu, lamba 4 babu. Sunan wata makaranta an cinye harafi ɗaya a tsakiya, ya koma wata kalma da ba zan rubuta ba, firinsifal ɗinsu har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. Mafi muni, makarantu biyu da na rubuta wa ɗaya shuɗi ɗaya kore duka an ba su shuɗi, kuma su ne za su buɗe gasar. Na kira Alhaji raina a ɓace, ya ce Malam yi haƙuri koren ne ya ƙare na ga shuɗin ma yana da kyau. Yana da kyau! Da daddare na tashi telan ƙauyenmu, munka sayi yadi rawaya ya yayyanka ya ɗinka ɗamara guda 12 da ake ratayawa a kafaɗa, da ita anka bambanta su a wasan farko.

Ingancin bugun ma dai ga shi nan. Lambar roba ce da ake mannawa da zafi, ba fenti ba ne da ke shiga cikin yadi. Yaranmu kuma wanki ɗaya sunka sani, a zuba omo a cuɗa da ƙarfi a shanya a rana kan dangan kara. Wanki na uku lambobi sunka fara tsagewa, na biyar wasu sun ɓare, gola ɗin wata makaranta ya gama lig da rabin lamba 1. Wani kuma ya ɗora dutsen guga na gawayi a kai, lambar ta bi dutsen, rigar ta huje. Daga baya na karɓe wankin namu, a juya rigar ciki waje, ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a shanya a inuwa, namu sun fi na kowa daɗewa. Da Alhaji ya yi mini wannan bayanin kamar yadda ya yi na ƙwallo da an tsira da yawa. Yadin kansa ba laifi, bai yage ba, sai dai yana riƙe zafi da wari. A jesi 3 cikin 10, ukun ma don yadin ne.

Takalma ban saya wa kowa ba don kuɗin ba su kai ba, amma yara kusan goma sun ba ni saƙo da kuɗinsu na aikin fadama. Yana da sababbi masu tambarin manyan kamfanoni waɗanda kowa ya san ba su ba ne, yana da gwanjo a buhu a ƙarƙashin kanta sai ka tambaya. Gwanjon ya fi, nesa ba kusa ba. Sababbin guda 3 da na sayo duka ƙasansu ya ɓalle kafin wasa na uku, gwanjon kuwa in ka tona ka sami mai lafiya sai dai yaro ya girme shi. Kowanne ka saya kai wa shumeka ya zagaye shi da ɗinki kafin a taka, kar a jira ya buɗe baki. Kuma mai dogayen haƙora ba na filinmu ba ne, a fako ba ya nutsewa, yaro yana tsaye kamar a kan ƙusa, juyi ɗaya sai targaɗe. Mai ƙananan haƙora da yawa ko kambas ya fi. A doka takalmi da kariyar ƙwauri wajibi ne, amma da mun ce sai mai takalmin ƙwallo zai buga da lig ɗin bai yiwu ba, sai munka hana mai haƙorin ƙarfe kwata-kwata, munka ce ba ƙafa tsirara, ko kambas ɗin makaranta ne a sa. Kariyar ƙwaurinsa ta roba mai arha ce kuma ta yi aiki, ta fi kwalin indomi da tsohon silifas da yaran ke cusawa a safa, ko da yake silifas ɗin ma na ga ya ceci ƙwauri fiye da ɗaya.

Raga kar ku saya, ta cikakken gida ce mai faɗin mita 7.32 da tsayin 2.44, mu kuwa mun rage namu, ga ta siririya rana na cin ta. Guda ɗaya na saya ta yage a wata ɗaya, wani tsoho masunci kakan ɗaya daga cikin yarana ya zo kallo ya gani ya ce a kawo masa, ya zauna gindin aduwa da zarensa ya ɗaure ta tsaf, daga baya ma ya saƙa mana ta ɗaya gidan da hannunsa bai karɓi ko sisi ba sai goro. Mu da ke ƙasar Kabi muna sayen raga daga waje, abin kunya ne ma. Usur ɗinsa mai kyau ne, ku nemi irin Fox 40 marar ɗan ƙwallo a ciki, mai ɗan ƙwallon da ƙurar hunturu ta haɗu da yawu sai ya maƙale, rafali yana ta hura ba sauti an riga an ci. Kofin kuwa roba ce anka shafa wa ruwan zinari, kyaftin ɗin makarantar da ta ci ya ɗaga shi sama gaban hakimi hannu ɗaya ya zauna a hannunsa sauran ya faɗo, Allah ya sa kusoshi ne a ƙasa munka ɗaure. Ba mu muka ci ba, na uku munka yi da maki 8, mun ci 2 canjaras 2 an doke mu 1, kuma wanda anka doke mu ɗin har gobe ina cewa lamba 9 ɗinsu ɗan kabu-kabu ne ba ɗalibi ba. FIFA tun 2009 take sa a yi wa ƴan ƙasa da 17 hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru, mu namu gwajin shi ne a tambayi yaro sunan malamin lissafinsa da inda anka tsaya a darasi, wannan ya amsa daidai, amma gemun nan dai ban yarda da shi ba.

Wajen biya yana karɓar taransifa da POS, ragi kuma yana yi in ka sayi da yawa amma sai ka zauna ka sha shayi kun ja, in ka nuna sauri ka biya kuɗin sauri. Rasit ba ya bayarwa sai ka nema, ku nema, kuma ku sa a rubuta komai dalla-dalla da kala da adadi da ranar karɓa, saboda kuɗin jama'a ne, ranar taron PTA wani uba da ya ba da naira 300 zai miƙe ya tambaye ka lissafi kamar shi ya gina makarantar, kuma haƙƙinsa ne. Wani abin da ba zan ɓoye ba, da kuɗina sunka gaza a zuwa na ƙarshe ya ce in tafi da kayan in albashi ya shigo in turo, bai san gidana ba bai san garinmu ba, lambar waya kawai. Na turo kuwa ranar da alat ya shigo.

Masu shirin haɗa irin wannan lig ɗin a wajen Kamba ko Dakingari ko Zuru da sunka tambaye ni, ku fara da lissafin mota kafin na kaya, don a-kori-kurar da ke kai yara ƙauye zuwa ƙauye ita ta cinye fiye da rabin kuɗinmu, ku kuma duba ranakun kasuwa kar ku sa wasa ranar, ba ɗan wasa ba ɗan kallo. Mu daga Janairu zuwa tsakiyar Maris munka yi, kafin zafi ya yi tsanani kuma kafin ƴan SS3 su shiga hidimar WAEC da NECO, ana farawa da safe a gama kowa ya koma gida kafin la'asar, don tun sace ɗaliban da anka yi a Birnin Yauri a 2021 ba uban da ke sakin jiki ɗansa ya yi yamma a hanya da sunan makaranta. Ƙwallo ku je wajen irin su Alhaji ku faɗa masa gaskiyar filinku ku ɗauki wadda ya ce. Jesi kuwa mu dai mun yanke shawara zangon gaba yadi za mu saya a kasuwa telanmu ya auna kowane yaro ya ɗinka daidai jikinsa, wando har ƙasan gwiwa, lamba kuma a yanka ta yadi a ɗinke ta, in ya so omo ya yi abin da zai yi.

Lamba 7 ta biyun nan filasta munka samu a kemis munka manna mata 1 a gaba ta zama 17, yaron da ke sa ta yanzu ko a gida Sha Bakwai ake kiransa. Shekaranjiya Alhaji ya kira ni wai sababbin ƙwallaye sun iso in zo in zaɓa kafin a kwashe, na ce ina nan tafe ƙarshen wata, na ce Alhaji lamba 4 ɗinmu fa? Ya ce tana nan tafe Malam, yaron ne bai dawo ba.